Kiran da Ya Same Ni a Addis

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Waɗanda suka daɗe suna bin labarina ku yi haƙuri in gabatar da kaina ga baƙi. Sunana Najiba, haifaffiyar Gomari ce ni a Maiduguri. Gidanmu na bayan filin jirgi, kusa sosai, har idan jirgi zai sauka sai kwanukan Mama sun yi ƙara a cikin kabad. Shekara biyu ke nan ina koyar da harshen Hausa a wata jami'a a ƙasar Sin. Eh, ni ɗin nan da Kanuri muke yi a gida, Hausa a bakin layi na fara tsintarta, ni ce nake tsayawa gaban 'yan Sin ina gyara musu lafazi. Ƙawayena har yau dariya suke mini. Amma abin da zan ba ku yau babu dariya a cikinsa, ina rubutawa ne ma zuciyata ba ta zauna ba.

Na zo hutun ƙarshen shekara, na yi wata biyu a gida. A cikin hutun ne dangin Sa'id suka kawo kayan gaisuwa. Sa'id mai haɗa sola ne, shagonsa na Moduganari, kuma a kan rufin gidanmu na fara ganinsa, lokacin da gari ya daɗe babu wuta Baba ya kira shi ya yi mana aiki. Dogo ne, baƙi, ba shi da yawan magana, idan zai yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi. Tun kafin tafiyata ta farko yake jirana. An karɓi gaisuwarsa, an ajiye akwatunan a ɗakin Mama an lulluɓe su da zani, amma ba a sa rana ba, domin saura mini shekara guda a yarjejeniyar aikina. To, nan rigimar take.

Ana gobe zan koma, da la'asar, Yakura ta iso daga Old Maiduguri. Yayar Mama ce, ita ta riƙe ta tun tana ƙarama, don haka maganarta a gidanmu ba ta faɗuwa ƙasa. Ta same mu a tsakar gida, akwatina a buɗe kan tabarma. Mama ta kifa kwando a kan kaskon turaren wuta tana turara mini lafayoyina ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ina cusa kwalaben humra cikin safa don kada su fashe, ƙanwata Kaltum tana ƙulle kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa a leda kan leda.

Yakura ta tsaya a kanmu, ko lafayarta ba ta warware ba.

"Wannan duk na shekara guda ne, ko na zama ne?"

"Na shekara ne, Yakura."

"Bara ma haka kika ce." Ta juya ga Mama ta koma Kanuri, kamar yadda take yi idan ranta ya ɓaci. "Yarinya an karɓi gaisuwarta, ta ɗauki jaka ta ce za ta bangon duniya ta koya wa mutane yaren da ba ma na ubanta ba. Ke kuma kin zauna kina mata turare. Ga mijinki yau lafiya gobe babu, idan ya faɗi wa zai ɗaga shi?"

Mama ta ɗauke lafayar daga kan kwandon ta ninke, na ga ta goge ido da gefen hannu, ta ce hayaƙi ne.

Baba ne ya ɗaga murya daga falo. "Ku bar mini yarinya ta yi shirinta."

Baba yana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma a hutun nan na lura ya rame, hularsa har ta soma yi masa yawa. Amma shi kaɗai ne a gidan bai taɓa ce mini kada in tafi ba.

Washegari da sassafe Sa'id ya zo da tsohuwar motarsa, bayanta cike da wayoyin wuta da batir, sai da ya tura su gefe akwatina ya samu wuri. Daga gidanmu zuwa filin jirgi ko a ƙafa ana zuwa, amma ya riƙa tafiya a hankali kamar motar ce ba ta so.

"Laoshi," ya ce. Haka yake kirana, wato malama da yaren Sin, ita kaɗai ce kalmar da ya iya. "Wannan karon shi ne na ƙarshe?"

"In sha Allah."

"Ba in sha Allah ɗin 'yan kasuwa ba fa."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sauke mini kaya, ya miƙo mini wata 'yar leda. Na leƙa, ƙaramin batir ne na cajin waya, sabo a kwalinsa.

"Don kada ki ce caji ya ƙare," ya ce, ya sunkuyar da kai.

Jama'a, mai ganin hotonka a gaban jirgi ya ce ka ji daɗi. Bai san abin da ke tsakanin ƙofar gidanku da ƙofar ajin da za ka koyar ba. Tafiyata hawa uku ce: Maiduguri zuwa Abuja, Abuja zuwa Addis Ababa ta ƙasar Habasha, daga can kuma doguwar, wadda sai ƙafa ta kumbura, zuwa Sin. Idan na farko ya kuɓuce, sauran duk sun bi shi.

Kuma shi ɗin ne ya kawo cikas. Muna zaune a ɗakin jira hadari ya taso daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin kamar magariba. Jirgin da zai ɗauke mu muna jin kukansa a saman gajimare, ya kewaya, ya sake kewayawa, sai muka ji ƙarar tana nisa har ta ɓace. Aka ce ya kasa sauka, ya juya. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na zauna ina kallon agogo.

"'Yata, cire takalmin nan mai tsini. Tafiyar nan ba ta gayu ba ce."

Na juya. Wata dattijuwa ce a gefena, sanye da atamfa da rigar sanyi, tabaraunta na rataye a wuya da sarƙa. Ta ce sunanta Phebe, 'yar Shaffa ce, lissafi take koyarwa a wata sakandare a ƙasar Ruwanda, kuma jirginmu ɗaya har Addis. Ta ciro silifas daga jakarta ta ajiye a gabana, ta ɗebo mini gyaɗa. Kafin ruwan ya tsaya na koma ce mata Anti.

Jirgin ya dawo ya ɗauke mu, amma sai bayan la'asar muka isa Abuja. Jirgin Addis ya daɗe da tashi. Na tsaya a gaban kantar ma'aikatan jirgi ina ta bayani, Anti Phebe ce ta ture ni gefe ta karɓi maganar, cikin sanyi amma ba ta matsa daga wurin ba sai da aka mayar da mu jirgin gobe. Ta tafi da ni gidan ƙanwarta a Nyanya. Mutanen kirki, suka share mini ɗakin 'yarsu, suka shimfiɗa mini sabon tawul don in yi salla.

Na tura wa shugabar sashenmu saƙo na gaya mata halin da nake ciki. Ta amsa da ladabi irin nasu, amma maganar a fili take. Ranar Litinin ɗalibai za su shiga aji. Takardar zamana a ƙasar kuma a makon nan za ta ƙare, dole in kasance a can da kaina a sabunta ta. Idan ta ƙare ina waje, sai dai in faro neman biza daga tushe, jami'a kuma ba za ta bar aji babu malami ba.

Washegari aka sake sabuwar wahala. Akwatina ya fi nauyin da aka yarda, na durƙusa a gaban mutane na buɗe shi, na cire garin kunu da rabin yajin Mama na bai wa wata mai shara. A wurin bincike aka kwance humrata aka shinshina, aka ɗaga ƙullin daddawa da yatsa biyu ana tambayata mene ne. Da muka tashi kuma, a tsakiyar hanya jirgi ya shiga wata iska ya riƙa faɗawa yana tashi, shayin wani bawan Allah ya kife a cinyata. Ni ina salati, Anti Phebe tana kiran sunan Yesu, hannunta cikin nawa, har abin ya lafa.

Bari in gaya muku wani abu game da gidanmu, don ku gane abin da ya biyo baya. A gidanmu ba a gaya wa matafiyi mugun labari. Shekarata ta farko a Sin kakata ta rasu, aka ɓoye mini. Duk lokacin da na kira na ce a ba ni Kaka, sai a ce tana barci, ko ta je unguwa. Na dawo hutu da bargo mai laushi da na saya mata, na shiga ɗakinta da gudu, na tarar an kwance gadonta an jingine shi da bango. Tun daga ranar na san abu ɗaya: duk ranar da aka kira ni aka faɗa mini wani abu da baki, to abin ya wuce ɓoyewa.

Mun sauka Addis gari ya yi sanyi, na ja lafayata na rufe har hanci. Muka samu kujeru kusa da ƙofar da zan shiga jirgin Sin, na haɗa wayata da intanet ɗin filin. Nan take ta hau kaɗawa a hannuna ba ƙaƙƙautawa. Kiran Yakura ne a jere, wanda bai same ni ba. Yakura da ba ta taɓa kirana ba tun da na fara tafiya.

Kafin in yi wani tunani kiran ya sake shigowa.

"Yakura, lafiya?"

"Ina kike?"

"Habasha. Yanzu muka sauka. Yakura, me ya faru?"

"Babanki ne. Da safe ya faɗi. Yana asibiti, bai san wanda ke kansa ba." Na ji kamar kukan Mama a bayanta. "Idan kina son ki same shi, ki juyo. Ni dai na faɗa miki, na fita haƙƙinki."

Ta kashe.

Ban san lokacin da na zame daga kan kujera na zauna a ƙasa ba. Na kira lambar Baba, a kashe. Na kira Mama, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira Kaltum, aka katse. Anti Phebe ta durƙusa a gabana tana tambaya, na kasa haɗa mata magana, sai "Babana, Babana" kawai.

Na kira Sa'id. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Sa'id, wane asibiti aka kai Baba? Ka gan shi? Don Allah kada ka ɓoye mini, yana da rai?"

Shiru. Ina jin ƙarar keke napep da hayaniyar titi a bayansa, amma shi bai ce uffan ba.

"Sa'id!"

"Najiba." Bai ce Laoshi ba. "Kada ki yi komai tukuna. Ki zauna inda kike, zan kira ki."

"Ka faɗa mini kawai!"

"Na ce zan kira ki."

Shi ma ya kashe. Wannan shirun nasa shi ya ƙarasa ni. Na ce shi ke nan, Baba ya tafi, suna neman yadda za su faɗa mini ne. Na miƙe na ɗauki jakata, na nufi kantar da ake canza tikiti, silifas ɗin Anti Phebe na fita daga ƙafata ina mayarwa. Layin dogo ne. Na tsaya a ciki ina kuka ba kunya, wani Bature ya miƙo mini takardar goge hanci. Aiki, takardar zama, ɗalibaina da suka yi ta turo mini "Malama sannu da hanya", wallahi duk a lokacin ban ga girmansu ba. So nake kawai in ga fuskar Babana ko da an riga an rufe ta.

Anti Phebe ta biyo ni da sauran jakunkunanmu. An fara kiran jirginta na Ruwanda, amma ba ta tafi ba.

"'Yata, wa ya ce miki ya gan shi da idonsa?"

"Yayar mamata."

"Saurayin fa?"

"Ya ce in jira."

"To ki jira. Ki tsaya a layin, amma kada ki miƙa fasfonki sai ya kira."

Saura mutum ɗaya a gabana wayar ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Na danna.

Ƙofar gidanmu na fara gani, da dalbejiyar da ke gefenta. A can gari bai yi duhu ba tukuna. Sai hoton ya sauka kan tabarma. Baba ne zaune, ya jingina da bango, rediyonsa a gefe, kofin shayi a gabansa. A bayan hannunsa akwai farar filasta, irin wadda ake mannawa bayan ƙarin ruwa.

"Baba, ga Najiba," na ji muryar Sa'id.

Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika wayar. "Feronyi!" Wato 'yata. "Kin isa? Yaya na ga idonki haka, mura ce?"

Na toshe bakina da lafaya.

"Baba, an ce ka faɗi."

"Wa ya kai miki wannan? Jiri ne kawai, suga ne ya sauka. An ƙara mini ruwa a asibitin unguwa, kafin azahar na dawo. Uwarki ta karɓe wayata wai in huta, shi ya sa ban kira ki ba. Ke dai ki kula da jakarki, kada ki yi barci jirgi ya tafi ya bar ki."

Yana cikin magana na ga labulen zaure ya ɗaga a bayansa. Yakura ce. Ta kalli wayar, ta kalli wanda ke riƙe da ita. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Hoton ya karkace, ya ɗauke.

Matar da ke kantar tikiti ta ce da ni, "Na gaba." Na matsa gefe na bai wa na bayana wuri.

Anti Phebe ta rungume ni sosai, ƙamshin man zafi na tashi daga rigarta. "Ki wanke fuska," ta ce. "Silifas ɗin ki riƙe." Ta ruga wajen ƙofarta tana jan jaka, ita ce ta ƙarshe da ta shiga. Ko lambarta ta can ban karɓa ba.

Da farko daɗi na ji. Daga baya fushi ya taso mini tun daga ciki. Ina cikin wannan hali Mama ta kira. Na ɗauka da niyyar in faɗi duk abin da ke bakina, amma kukanta ya riga ni.

"Mama, me na yi muku? Kun san abin da na ji a nan? Ni kaɗai a ƙasar mutane?"

"Ke kaɗai?" Muryarta ta dushe. "Ni ce ni kaɗai, Najiba. A bayi na same shi kwance, idonsa ya juye. Kaltum ta tafi makaranta. Na ja shi na kasa, na fita titi ba ɗankwali ina ihu. Kin san abin da na gani a lokacin? Na ga an ɗauki gawarsa ke kina can kina koya wa 'ya'yan wasu karatu, muna ce miki yana barci."

"Amma Mama, ƙarya fa aka yi mini."

"Yau ƙarya ce. Gobe fa?"

Har yanzu da nake rubuta muku tambayar nan tana bina.

"Yakura ta ce mu gwada, ko Allah zai sa ki juyo," ta ci gaba a hankali. "Ni ban hana ta ba. Ki dawo, 'yata. A ɗaura aurenki, ki zauna kusa da mu. Aikin koyarwa a nan ma akwai."

A daidai lokacin aka fara kiran jirgin Sin. Mutane suka miƙe suna jan jakunkuna.

"Mama, an kira mu."

Ta ce, "To," ta ajiye wayar. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Na shiga layi. Na rubuta wa Sa'id: "Ka san da maganar tun farko?"

Ya amsa nan da nan. "Da azahar Yakura ta kira ni gida. Ta ce idan kin tambaye ni in ce yana asibiti. Ta ce don ni ake yi, idan kin juyo kafin wata ya ƙare za a ɗaura."

"Shi ya sa ka yi shiru da na kira ka?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar tana fitowa tana ɓacewa.

"Eh. Ba zan ɓoye miki ba, na so in faɗa. Kalma ɗaya ce, gobe war haka kina Maiduguri. Amma na ji yadda kike kuka. Ba zan iya zama da ke a gida ɗaya ina sane da cewa da wannan kukan na kawo ki ba."

Na karanta, na sake karantawa. Layi yana ta matsawa, na bayana yana tura ni da jaka.

"Me Yakura ta ce maka?"

"Ta ce na tozarta ta a gaban Baba. Ta ce tun da na fi son ki zauna a can, to in je in nemi mata a wani gidan. Baba ya yi faɗa, har sai da na ji tsoron jininsa, na ba shi haƙuri na fito."

"Mama fa?"

"Ba ta ce komai ba."

Na san wannan shirun na Mama. Duk abin da Yakura ta yanke, da shi ake tabbatar da shi.

Aka karɓi fasfona aka duba, aka sake dubawa, aka kalli fuskata da ta kumbura, sannan aka miƙo mini. Na tsaya a bakin doguwar hanyar da ke kaiwa cikin jirgi. Wallahi na tsaya. Kantar canza tikiti tana nan a bayana, ina hango ta. Na tuna Mama a titi ba ɗankwali. Na tuna kuma idan na juya yau, to duk ranar da aka so a juya ni an san inda za a taɓa. Ban sani ba ko tunani ne mai kyau ko taurin kai ne. Na dai ɗaga ƙafa na shiga.

Kujerata na can baya, jikin taga. Na zauna, na ɗaura bel. Intanet ɗin filin yana kamawa sama-sama, yana zuwa yana tafiya. Wani saƙon Sa'id ya shigo.

"Allah ya kai ki lafiya. Zan riƙa leƙa Baba idan an bar ni. Amma Najiba, ni ma mutum ne. Na gaji."

Kafin in amsa, Kaltum ta turo hoto, da alama an mayar mata da wayarta. Ba ta rubuta komai a ƙasansa ba. Ƙofar gidanmu ce, keke napep a tsaye, an ɗora akwatunan gaisuwar Sa'id a bayansa, ɗaya kan ɗaya, an ɗaure da igiya. Yakura na tsaye a gefe tana nuna wa mai keken hanya.

Ma'aikaciyar jirgi ta zo kaina tana murmushi, tana nuna wayata da hannu. Na ce mata yanzu, don Allah yanzu. Na koma kan sunan Sa'id. Magana ta cika mini ciki, amma yatsuna abin da suka iya rubutawa ke nan: "Kada ka karɓi kayan. Ka jira ni."

Na danna. Aka rufe ƙofar jirgi, ya fara ja da baya. Na ƙura wa saƙon ido, na ɗaga wayar sama, na manna ta da taga. Alamar intanet ta ɓace gaba ɗaya.

Saƙon bai tafi ba.